Ƙirƙirarriyar basira ta iso Briqueterie: Hausar wa take ji, kuma muryar wa za a gaskata?

A watan Yulin 2024 kamfanin Meta, mamallakin Facebook da WhatsApp da Instagram, ya sanar da kai manhajarsa ta Meta AI wasu sabbin ƙasashe bakwai. Shida daga ciki na Latin Amurka ne, ta bakwai kuwa ita ce Kamaru. Daga lokacin ne wani ɗan zobe mai launin shuɗi ya fara bayyana a cikin WhatsApp ɗin mutane, wanda idan aka taɓa shi aka yi masa tambaya sai ya amsa kamar mutum.

Ta wannan ƙofar ce ƙirƙirarriyar basira, wadda masu Faransanci ke kira IA, masu Ingilishi kuma AI, ta shiga unguwar Briqueterie da ke gunduma ta biyu a birnin Yawunde. Ba a yi bikin buɗe ta ba, ba a nemi izinin sarki ko liman ba. Ta zo ne a cikin wayar da tela ke karɓar awon kaya da ita, mai tsire ke karɓar kuɗin MoMo da Orange Money da ita, uwa kuma ke sauraron muryar ɗanta da ke Libreville da ita.

Briqueterie, wadda sunanta na asali Ekoudou ne, ta samo sunan da aka fi saninta da shi daga wurin yin bulo na zamanin Turawa. Fatake Hausawa na Yawunde tun zamanin Jamusawa, kuma a yau unguwar ta tara Hausawa da Fulani da Barebari da Bamun da baƙi daga Nijar da Najeriya da Mali da Senegal. Abin da ake fata da abin da ake tsoro game da sabbin fasahohin nan a irin wannan unguwa ya sha bamban da na Kano ko Maraɗi, inda Bahaushe ke da rinjaye. A nan Hausa harshen gida ne da kasuwa da masallaci. Ofis da asibiti da kotu da makaranta kuwa da Faransanci ake yin su. Haka lamarin yake a New Bell ta Duwala da PK5 ta Bangui da Poto-Poto ta Brazzaville.

Tabarau mai kai mutum inda bai je ba

Fasahohi biyu ake yawan ambata tare, alhali ba abu ɗaya ba ne. Ta farko ita ce duniyar kwaikwayo, wadda da Faransanci ake ce wa réalité virtuelle: mutum ya ɗaura wani babban tabarau mai allo a ciki, ya ga kansa a tsakiyar wani wuri, idan ya waiwaya dama ko hagu hoton ya juya tare da shi.

An zuba mata kuɗi ba na wasa ba. Facebook ya sayi kamfanin Oculus mai ƙera irin wannan tabarau a 2014 a kan kimanin dalar Amurka biliyan 2, sannan a watan Oktoban 2021 Mark Zuckerberg ya sauya wa kamfaninsa suna zuwa Meta saboda imanin da ya yi cewa nan gaba a can za a riƙa taro da ciniki da hira. Sashen da ke wannan aiki ya yi asarar sama da dalar Amurka biliyan 13 a 2022, biliyan 16 a 2023, da kuma biliyan 17 a 2024, amma har yanzu jama'a ba su yi ƙaura zuwa can ba.

Farashi kaɗai ya isa ya bayyana nisan abin da Briqueterie. Tabaran Vision Pro na kamfanin Apple ya fito a watan Fabrairun 2024 a kan dalar Amurka 3,499, wato kimanin sefa miliyan 2. Mai araha na Meta, Quest 3S, ya fito a kan dala 299 ta Amurka, kusan sefa dubu 180 kafin kuɗin dako da na kwastan. Mafi ƙarancin albashi a kamfanoni masu zaman kansu da ba na noma ba a Kamaru sefa dubu 60 ne a wata. Albashin wata uku ke nan, a garin da wuta ke ɗaukewa ba sallama.

Duk da haka akwai wurin da batun ya taɓa zuciyar Musulmi. A watan Disamban 2021 hukumar kula da Masallatai Biyu Masu Alfarma a Saudiyya, ƙarƙashin Sheikh Abdurrahman as-Sudais, ta ƙaddamar da wani shiri na ganin Hajarul Aswad ta irin wannan tabarau. Nan da nan aka shiga tambayar ko hakan na nufin za a iya aikin Hajji daga gida. A watan Fabrairun 2022 hukumar harkokin addini ta Turkiyya ta ba da amsa ƙarara: ziyara ce ta ido, ba Hajji ba ce, domin sai ƙafar mutum ta taka ƙasa mai tsarki.

Kujerar Hajji daga Kamaru ta haura sefa miliyan 3 a 'yan shekarun nan, don haka ba abin mamaki ba ne mutane su yi marmarin ko da gani ne. Amfanin da ba a jayayya a kansa shi ne na bita. Maniyyacin da bai taɓa fita daga Yawunde ba, idan ya zagaya Ka'aba a cikin tabarau, ya ga tazarar Safa da Marwa, ya ga hawa-hawan wurin jifa, zai isa can da sanin inda ya dosa. Tabarau biyu ko uku a hannun masu shirya bita a babban masallacin Briqueterie ko cibiyar Musulunci ta Tsinga sun wadatar. Ba sai kowane gida ya mallaka ba.

Dala ashirin nawa ce?

Fasaha ta biyu, ƙirƙirarriyar basira, ita ce ta riga ta shiga aljihu. Manhajoji irin su ChatGPT, wanda ya fito a ƙarshen Nuwamban 2022, ba tunani suke yi irin na ɗan Adam ba. An ɗura musu rubuce-rubuce masu ɗimbin yawa, suka koyi wace kalma ce ta fi dacewa ta biyo bayan wace. Harshen da rubutunsa ya yi yawa a intanet sun ƙware a kansa, wanda rubutunsa ya yi kaɗan kuma sai su riƙa tuntuɓe.

Babban fatan Bahaushen Yawunde a bayyane yake: tafinta a cikin waya. A ɗauki dattijuwar da aka ba ta takardar magani da Faransanci, ko ɗan kasuwar da ofishin haraji ya aiko masa da wasiƙa, ko mahaifin da makarantar ɗansa ta kira shi da takarda. Har gobe irin waɗannan mutane sai sun nemi yaron da ya yi lakwal ya karanta musu, kuma ba kowane sirri ne mutum ke son yaron maƙwabta ya ji ba, musamman na rashin lafiya da na bashi. Wayar da za ta ɗauki hoton takarda ta karanto ta da Hausa za ta rufa wa mutane da yawa asiri.

An kama hanya. Google ya saka Hausa cikin manhajarsa ta fassara tun watan Disamban 2013. A 2022 Meta ya fitar da wani tsarin fassara na harsuna 200 da Hausa a ciki. A Najeriya, gwamnati ta ƙaddamar da N-ATLAS a watan Satumban 2025, wanda aka gina domin Hausa da Yarbanci da Ibo da Ingilishin 'yan ƙasar.

Sai dai Hausar da na'urorin suka koya tana da asali. Mafi yawanta ta fito ne daga shafukan BBC da Muryar Amurka da DW da RFI, da jaridun Najeriya, da Wikipedia, da fassarorin littattafan addini. Daidaitacciyar Hausa ce mai tushe a Kano, ta labarai, mai aron kalmomi daga Ingilishi. Bahaushen ƙasashen Faransanci kuwa lakwal yake cewa ba makarantar boko ba, jandarma yake gani a hanya, kuma a cikin jimla ɗaya yana iya haɗa Hausa da Faransanci da Fulatanci ba tare da ya lura ba. Wannan Hausar a baki take, ba a rubuta ta sosai, saboda haka na'ura ba ta san ta ba.

Lissafin kuɗi ya fi komai nuna haɗarin. A kasuwannin ƙasashen sefa da dala ake ƙirga, kuma dala ɗaya sefa 5 ce. Wanda ya ce dala ashirin, sefa 100 yake nufi. Na'urar da ta koyi Hausa daga labaran duniya ta saba ganin kalmar dala a gefen biliyoyin Amurka, don haka abin da ya fi mata sauƙi shi ne ta mayar da maganar dalar Amurka 20, kuɗin da ya haura sefa dubu 10. Haka jika ko jaka: a Nijar sefa 1,000 ce, a Najeriya kuwa naira 200. Duk ɗan kasuwar Mokolo ya san bambancin ba tare da an koya masa ba. Na'ura kuwa za ta ba da amsarta cikin natsuwa, ba tare da alamar shakka ba, kuma a nan matsalar take, domin tafintan da bai gane ba yakan tsaya ya sake tambaya.

Akwai kuma wani giɓi da ba kowa ke lura da shi ba. Na'urar fassara na koyo ne daga jimloli masu tagwaye, wato jimla da fassararta. Galibin tagwayen da ake da su na Hausa da Ingilishi ne. Ko a wani aiki da ƙungiyar Masakhane, ta masana harsuna da kwamfuta 'yan Afirka, ta fitar a 2022 kan harsuna 16, an haɗa Ghomala na yammacin Kamaru da Faransanci, Hausa kuwa da Ingilishi aka haɗa ta. Ma'ana, saƙon da ya taso daga Faransanci zuwa Hausa sau da yawa sai ya yada zango a Ingilishi, kuma a kowane zango akan zubar da wani abu. A hirar yau da kullum wannan ba komai ba ne. A takardar magani, inda kafin abinci da bayan abinci ke da bambanci, ko a takardar fili, ba abin wasa ba ne.

Gani ya daina korar ji

Idan harshe ne babban fata, murya ce babbar fargaba.

Kasuwancin Hausawa na nesa a kan amana aka gina shi tun zamanin ayarin goro, kuma a yau saƙon murya na WhatsApp ne ke ɗauke da amanar. Mutum a Briqueterie zai aika wa abokin cinikinsa a Garwa ko Kano ko Njamena saƙon daƙiƙa talatin, a ɗora kaya a mota ko a jirgin ƙasan Ngaundare, a tura kuɗi, ba takarda ba sa hannu. Shaidar ita ce an san muryar. Wanda bai iya karatun boko ba ma saƙon murya ya daidaita shi da kowa.

Wannan shaidar ce fasahar ke neman rushewa. A watan Janairun 2023 masu bincike na Microsoft suka nuna wani tsari mai suna VALL-E da suka ce yana kwaikwayon muryar mutum daga sautin daƙiƙa 3 kacal. Yanzu manhajojin kwaikwayon murya sun yawaita, wasu ma kyauta ne. A farkon 2024 an damfari kamfanin Arup reshen Hong Kong kimanin dalar Amurka miliyan 25, bayan wani ma'aikaci ya shiga taron bidiyo da mutanen da ya ɗauka shugabanninsa ne, ashe fuskokin da muryoyin duk na jabu ne.

'Yan damfarar waya ba baƙi ba ne a Kamaru. An saba da mai kira ya ce ya turo kuɗi bisa kuskure a mayar masa, ko ya ce shi ma'aikacin kamfanin waya ne a faɗa masa lambar sirri. Abin da ke ceton mutane da yawa shi ne baƙuwar murya. Ranar da kiran zai zo da muryar ƙanin mutum, yana cewa an tsare shi a kan iyaka a turo kuɗi yanzu-yanzu, wannan kariyar ta faɗi. Wani abin ban dariya shi ne ƙarancin Hausa a cikin na'urorin ya zama ɗan garkuwa na wucin gadi, tunda muryar jabu ta fi fita sumul da Ingilishi da Faransanci, Hausa kuma harshe ne mai karin sauti da kunnen ɗan gida ke saurin kama kuskurensa. Amma duk ci gaban da zai sa tafintan waya ya iya Hausar Yawunde, shi ne kuma zai sa ɗan damfara ya iya ta.

Dabarun kariya ba su da tsada. A kashe kiran a sake kiran mutumin ta lambar da aka sani. A yi masa tambayar da ɗan gida kaɗai zai iya amsawa. Iyali ko abokan ciniki su ajiye wata kalma a tsakaninsu da ba a taɓa faɗa a waya ba. Duk saƙon da ya zo da gaggawa da kuma roƙon kada a faɗa wa kowa, a ɗauke shi da zargi ko da muryar ta uwa ce.

A siyasa lamarin ya fi haka muni, kuma maƙwabciya Gabon ta ɗanɗana. Bayan Shugaba Ali Bongo ya yi fama da shanyewar ɓarin jiki a 2018, an fitar da bidiyonsa na jawabin sabuwar shekara. Yanayin fuskarsa ya sa wasu suka ce haɗa shi aka yi, kuma ranar 7 ga Janairun 2019 wasu sojoji suka yi yunƙurin juyin mulki, suna kafa hujja da jawabin. Ba a tabbatar da cewa bidiyon na jabu ba ne, amma zargin kaɗai ya yi aiki. A watan Mayun 2025 kuma sai da fadar Vatican ta fito ta ƙaryata wani bidiyo na minti 36 da ya nuna Fafaroma Leo na 14 yana yabon Kyaftin Ibrahim Traoré na Burkina Faso. Jita-jita dai ba ta jiran na'ura, tunda a 2018 sai da Shugaba Muhammadu Buhari ya fito da bakinsa ya ce shi ne ba wani Jibrin na Sudan ba. Abin da na'ura ta ƙara shi ne ta ba ƙarya fuska da murya, ta kuma ba mai laifi na gaske damar cewa ba shi ba ne, haɗawa aka yi.

Ga al'ummar da ba ta da rinjaye, wannan ba batun nishaɗi ba ne. Sautin jabu guda ɗaya da aka jingina wa wani limami ko shugaban al'umma, yana zagin wata ƙabila ko wani addini, zai iya zagaye gari kafin la'asar, kuma unguwa ce za ta biya. Masu tantance labarai a Kamaru, irin su StopBlaBlaCam, da Faransanci da Ingilishi suke aiki, alhali saƙon da ke yawo a zaurukan Hausawa da Hausa yake, kuma na murya ne.

Sana'a da fatawa

Batun rasa aikin yi, wanda ya fi damun Turai, bai taɓa kowa daidai ba a nan. Babu manhajar da za ta gasa tsire ko ta shanya kilishi. Telolin unguwar sun riga sun ga irin wannan sauyi lokacin da keken surfani mai kwamfuta ya zo ya rage wa masu aikin hannu kasuwa, amma mai son aska takwas ta gaske har yanzu ya san wurin wanda zai je. Waɗanda abin zai fara shafa su ne matasan da suka yi karatu suke ci daga rubuta wa mutane takardun neman aiki da wasiƙun ofis, da masu zana katin biki da allon shago, da masu fassara.

Fatawa kuwa wani fage ne mai santsi. An san manhajojin nan da ƙago madogara idan ba su da ita, su kawo magana su ce hadisi ce, har da lamba. Ba su san cewa mai tambayar Bamalike ne da ya tashi a kan Ahalari da Ishmawi da Risala ba, sai su gauraya masa mazhabobi a amsa ɗaya. A tambayar gado ko saki, inda kalma ɗaya ke sauya hukunci, malamin da ke zaure zai tambayi wane ne ya rasu ya bar wa, kuma gobe ana iya komawa a same shi.

Abin da doka ta ce

Hukumomi sun fara motsi. Tarayyar Afirka ta amince da tsarinta na ƙirƙirarriyar basira a birnin Accra a watan Yulin 2024. Kamaru ta samu dokar kare bayanan mutane ranar 23 ga Disamban 2024, sannan a watan Yulin 2025 ministar gidan waya da sadarwa, Minette Libom Li Likeng, ta gabatar da tsarin ƙasa kan fasahar, mai hangen shekarar 2040. Ƙasar ba ta rasa masu basira ba: a Yawunde Arthur Zang ya ƙera CardioPad, na'urar auna bugun zuciya da ke aika sakamako daga karkara zuwa ga likita a birni.

Dokar da ta fi kusa da mai waya ita ce ta 21 ga Disamban 2010 kan tsaron intanet. Sashe na 78 ya tanadi ɗaurin wata 6 zuwa shekara 2, ko tarar sefa miliyan 5 zuwa 10, ko duka biyun, ga wanda ya yaɗa labarin da ba zai iya tabbatar da gaskiyarsa ba. Wanda ya haɗa sautin jabu yana iya kasancewa a wata nahiya, wanda ya tura shi zauren unguwa kuwa da katin shaidarsa aka yi rajistar layinsa.

Harsunan Kamaru sun haura 200, kuma idan aka zo zaɓen waɗanda za a fara koya wa na'ura, akwai yiwuwar a ce Hausa ta Najeriya ce, can za a yi mata aiki. Najeriya kuma ba ta da dalilin tattara Hausar da ke cakuɗe da Faransanci. Hausawan Yawunde da Njamena da Bangui na iya faɗawa tsakanin biyun. Shirin Common Voice na Mozilla, inda kowa ke iya karanta jimloli ya ba da muryarsa kyauta, yana da sashen Hausa, kuma yana karɓar sabbin jimloli daga masu sa kai. Ɗaliban jami'ar Yawunde ta ɗaya da suka tashi a Briqueterie, masu Hausa da Faransanci a baki ɗaya, su ne suka fi kowa cancantar rubuta tagwayen jimlolin da babu su, su fara da takardar magani da lissafin dala.